Yaya Sahabi na Ɗakin Kati da Ciwon Gidanmu

Watan nan da muke ciki ya cika shekara tara da rasuwar yayana Malam Sahabi, wanda ma'aikatan asibiti suka fi sani da Sahabi na ɗakin kati. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau. Duk shekara nakan ɗauko takarda in zauna, in rasa ta inda zan fara, domin shi ba mutum ba ne mai irin labarin da jarida ke so. Bai riƙe babban muƙami ba, bai tara dukiya ba, har ya ajiye aiki a kan tsohon babur ɗinsa yake zirga-zirga. Shekara talatin da ɗoriya ya yi a ɗaki guda a bayan ginin wani asibiti a nan Sakkwato, tsakanin kantoci cike da fayil, yana karanta rubutun likitoci yana mayar da shi lamba. Bana na ce ko ban iya ba sai na gwada.

Bari in fara da bayyana aikin nasa, don mutane da yawa ba su san akwai shi ba. Idan aka sallami marar lafiya, ko aka yi rashinsa, fayil ɗinsa yakan sauko ɗakin kati. Yaya zai karanta abin da likita ya ce yana damun mutumin, ya buɗe wasu manyan littattafai guda uku da ba sa barin teburinsa, ya lalubo lambar wannan ciwo, ya rubuta ta a bangon fayil da cikin rajista. Kowace cuta da aka sani an ba ta harafi da lamba, kuma lambar ɗaya ce, ko a Sakkwato ko a Makka. Da waɗannan lambobin ake gane wace cuta ta fi kwantar da mutane, wace ta fi kashe su, wane magani ya kamata a tanada. Yawancin cututtukan jini suna ƙarƙashin harafin D, kuma shafukan nan su suka fi tsufa a littafin Yaya, har sai da ya liƙe gefensu da salatif.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa gane aikin ba. Takan ce, "Shi dai Sahabi ban san mi shika yi ba. Ba shi allura, ba shi ba da magani, sai rubutu awa mai koyon lissahi." Shi kuwa sai ya yi dariya. Maƙwabtanmu na Ƙofar Taramniya sukan kawo masa takardar magani ya duba, ya ce musu shi ba likita ba ne, amma ya faɗa musu ɗakin da za su je da ranar da likitan ke zama. Mutum ne mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abu ɗaya na san yana ɓata masa rai: likita ya rubuta "ƙarancin jini" ya tsaya nan. Akwai lambar da aka ware wa irin wannan, ma'anarta ƙarancin jinin da ba a fayyace iri ko dalilinsa ba. Yaya ba ya son rubuta ta. Yakan ɗauki fayil ya hau bene, ya tsaya a bakin ofis har likita ya gama ganin mutane, sannan ya ce, "Likita, a yi mani haƙuri, wane iri na? Na rashin abinci, ko na zazzaɓi, ko sikila?" Wasu likitocin suna jin daɗinsa. Wasu in suka hango shi da fayil a hammata sai su sauya hanya.

Na daɗe ina ɗaukar wannan naci a matsayin hali kawai. Sai da na girma na gane inda ya samo asali.

Mu uku Inna ta haifa: Yaya Sahabi, sai Nasiru, sai ni. Nasiru yaro ne mai ƙiriniya, kuma ko yaya ya bugu sai wurin ya kumbura ya yi baƙi, a ce rashin jinsa ne. Yana shekara bakwai, a lokacin sanyi, aka tara yaran layinmu za a yi musu kaciya a zauren gidanmu. Wanzamin unguwa, Malam Ummaru, shi ya yi wa Yaya, shi ya yi wa kusan duk mazan layin. Da safen nan Nasiru ya gudu ya ɓuya a bayan dilolin atamfa a ɗakin ajiyar Baba, wanda sana'arsa sayar da tufafi ce a kasuwa. Yaya, yana ɗan shekara goma sha biyu, shi ya gano shi. Ya lallashe shi, ya ce masa ba zafi, ya ce Inna ta sa an yanka kaza kuma cinyoyin biyu duk nasa ne. Ya riƙo hannunsa ya kai shi zaure.

Sauran yaran jininsu ya tsaya kafin azahar. Na Nasiru bai tsaya ba. Aka barbaɗa garin magani, aka ɗaure, aka sake ɗaurewa, aka kawo rubutu. Ina shekara biyar a lokacin, abin da na riƙe shi ne Inna a bakin rijiya tana wanke tsummoki tana shanyawa, ruwan yana gangarawa ja. Sai rana ta biyu aka kai shi asibiti, rana ta uku aka dawo da shi a naɗe. Da Malam Ummaru ya zo gaisuwa wurin zaman makoki, Baba ya miƙe a gaban mutane ya ce masa, "Hannunka yak kashe mani ɗa." Baba ba mai irin wannan magana ba ne, zafin rashi ne ya kwashe shi. Amma an ji. Gida-gida aka daina kiran Malam Ummaru, ko da aski ne. Kafin shekara ta zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma ƙauyensu. Inna kuwa daga ranar ba ta sake yarda aska ta taɓa jariri a gabanta ba, ba ta kuma sake ambaton Nasiru ba sai a addu'a. Yaya ya daina cin kaza. Har ya bar duniya bai ci ba, in an tambaye shi sai ya ce ba ta karɓe shi ba.

Bayan shekara ashirin da wani abu, ina koyarwa a firamare, ina aure a unguwar Arkilla, maigidana Malam Aliyu yana aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, Allah ya ba mu ɗa namiji, Mansur. Saboda Inna ba a cire masa belu ba, askin suna ma da almakashi aka yi. Da ya fara rarrafe sai gwiwoyinsa suka riƙa kumbura. Da ya fara tafiya abin ya ƙaru: yau gwiwa, gobe idon sawu, yana kuka ba ya son a taɓa shi. Duk wanda ya gan shi sai ya ce sikila ce. Aka yi gwaji aka ce ba ita ba ce, mutane suka ce na'urar ce ta yi kuskure. Surukata ta ce iska ce, aka yi turare. Sau uku ana kwantar da shi kafin ya cika shekara biyar. A na ukun faɗuwa ya yi ya ciji harshe, jini ya kwana biyu yana tsattsafowa har sai da aka yi masa ƙarin jini. Kowane zuwa likita daban muke tararwa, kuma sau biyu ana buɗe masa sabon fayil saboda cikin ruɗewa na baro katinsa a gida. Kowane likita ya yi iya ƙoƙarinsa a kan abin da ke gabansa, ya sallame mu.

A shekarar ce dangin maigidana suka sa ranar kaciyar yaran gidansu, su huɗu har da Mansur, da zarar an yi hutun makaranta.

Saura kwana goma, ina cikin aji aka ce ana sallama da ni. Na fito na tarar da Yaya a gindin dogon yaro, bai ko kashe babur ba. Bai taɓa zuwa wurin aikina ba sai ran nan. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Nana, kada a yi ma Mansur kaciya."

Na ce, "Lahiya, Yaya?"

Ya ce, "Jiya fayil nai na ƙarshe yas sauko wurina. An rubuta ƙarancin jini. Zan sa lambar nan da ba ni so, sai nit tuna na taɓa sa ma sunan ga ita. Nib biɗo sauran biyun, niz zuba su bisa tebur guda. Kumburin gaɓa, kumburin gaɓa, jinin da ba ya tsayawa. Kuma ba sikila ta ba." Ya kashe babur ɗin, ya yi ƙasa da murya. "Na bi littahi layi-layi har nit tarar da wata lamba, D66. Nid duba ƙamus na likitoci. Ciwon gado na, jini ba ya daskarewa. Maza shika kamawa, ta wajen uwa shika biyowa. Nana, ina karantawa Nasiru nika gani."

Zan faɗi gaskiya a nan, ba godiya na yi ba, haushi na ji. Kalmar nan "ta wajen uwa" ita kaɗai ta tsaya mini a kunne. Na hango fuskar surukata, na hango abin da za a ce a gidan aurena. Na ce masa, "Yaya, kai da bakinka kake cewa kai ba likita ba ne." Bai ji zafi ba. Ya ce, "Gaskiya ta. Shi ya sa za ni wurin likita. Ke dai naki ki tsai da aska."

Akwai wata babbar likitar yara a asibitin a lokacin, mace mai tsare gida, wadda ƙananan ma'aikata ke shakka. Ita ta ba ni labarin daga baya. Ta ce washegari ta fito daga zagayen marasa lafiya ta tarar da shi tsaye da fayil uku, ta ɗauka tambayar tasa ce ta kullum, har ta ce masa ya dawo gobe. Sai ya ce, "Likita, ni aikina lamba na, ba ni da hurumin hwaɗin ciwo. Amma wanga yaro ɗan ƙanwata na, kuma muna da ƙane da yam mutu ga kaciya. Kwana tara yar rage." Ta ce a tsaye ta karanta fayil ɗin uku, ta ce a kawo mata yaron da safe. Gwajin da ake iya yi a nan ya nuna jininsa yana daɗewa ƙwarai kafin ya daskare. Gwajin da zai tabbatar da irin ciwon kuwa sai da aka aika jinin wani gari mai nisa, aka ce mu jira makonni. Ta rubuta takarda da hannunta cewa kada ƙarfe ya taɓa yaron.

Na roƙi Yaya ya ɓoye wa maigidana zancen gadon. Ya ce ba zai iya ba, gara ya ji daga bakinmu. Da la'asar ya zo gidanmu, suka zauna a tabarma, ya yi masa bayani tun daga Nasiru, bai rage komai ba. Ina daga bakin ƙofa ina ji. Malam Aliyu ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce, "Tau, da ta wajena yab biyo, mi Nana za ta yi? Haƙuri za ta yi da ni. Ni ma haka." Ya je gidansu ya ce likita ta hana, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. An yi ƙananan maganganu, an ce mun mayar da yaro ɗan boko tun bai san alif ba, an ce za mu bar shi ya girma yara suna yi masa dariya. Ranar kaciyar, tun da safe uban ya ɗauki Mansur ya tafi da shi Kalambaina kallon manyan motoci, don kada ya ga ana ba 'yan uwansa nama da sababbin riguna shi ba a ba shi ba.

Sakamako ya dawo kamar yadda Yaya ya zata. Likitoci suna kiran ciwon himofiliya. Aka haɗe fayil ɗin uku suka zama ɗaya, Yaya da kansa ya rubuta lambar a bango da jan biro. Ya yi wa Mansur ɗan ƙaramin kati ya naɗe shi da leda, ɗauke da umarnin likita: ba allurar tsoka, ba cire haƙori, ba tsaga ko ƙaho, sai da saninta. Kaciyar sai bayan shekara biyu aka yi ta, a asibiti, bayan an samo maganin da ke sa jininsa ya daskare an ɗura masa ta jijiya. Ya zubar da jini kaɗan, ya tsaya.

Saura Inna. Ni na so a bar ta, tsohuwa ce, me za a ce mata? A ce ciwon da ya ɗauke ɗanta daga jikinta ya fito? Yaya ya ce ita ta fi kowa haƙƙin sani. Muka je da hantsi, muka same ta tana tsince shinkafa a faifai. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya yi mata bayani a hankali, yana maimaitawa. Ba ta ɗago ba har ya gama. Sannan ta ce, "Ke nan ni nib ba shi."

Ya ce, "Inna, ke ma ba ki anka yi. Ba ki roƙa ba, ba ki sani ba. Awa yadda kinka ba ni dogon hancin ga."

Ta ɗan yi murmushi, sai hawaye. Ta ajiye faifan. Ta ce tana da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka yi wa ƙaho yana saurayi jini ya ƙi tsayawa, ba ta taɓa ba mu labarinsa ba. Sannan ta faɗi abin da ta fi shekara ashirin da biyar tana riƙe da shi: ranar farko Baba ya so a kai Nasiru asibiti, ita ta ce a bari a ga maganin gida, don tana tsoron a ce musu an yi ƙauyanci. Tun daga ranar take ganin ita ta kashe shi. Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ni nir riƙo hannu nai har zaure. Ni nic ce mashi ba zahi." Ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce, "Kai yaro na lokacin, aiken ka anka yi." Ta ɗora hannu a kansa, mutum mai shekara kusan arba'in, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. A gida ɗaya suka yi duk shekarun nan, kowa yana ɓoye wa ɗan uwansa laifin da ya ɗora wa kansa.

Da muka natsa, Inna ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Ummaru fa?"

Ranar Asabar muka shiga mota ni da Yaya muka nufi ƙauyen. An gama girbi, damman gero jere a bakin hanya. Muka sami Malam Ummaru a inuwar rumfa yana tufkar igiya, ya tsufa, ido ya yi rauni. Yaya ya durƙusa ya faɗi sunansa da na Baba. Tsohon ya ce, "Ɗan Alhaji mai atamfa. Na gane murya." Yaya ya yi masa bayanin Mansur da na ciwon, ya ce ko wane wanzami ya yi kaciyar nan, ko likita ne ba tare da magani ba, abin da ya faru shi zai faru. Ya ce Baba ya riga mu gidan gaskiya bai san wannan ba, mun zo ne mu nemi gafara a madadinsa.

Malam Ummaru ya daina tufka. Sannan ya ce, "Na san hannuna bai kauce ba. Na sani. Amma da mutane sunka yi ta hwaɗi, sai ni ma nis soma shakka. Tun ran nan ban ƙara yi ma ɗan kowa kaciya ba." Ya ce ya yafe wa Baba tun Baba yana da rai, wanda ya rasa ɗa ba a riƙe maganarsa. Ya tambayi sunan ciwon, Yaya ya faɗa masa, ya gwada maimaitawa harshe ya ƙi, muka yi dariya mu duka. Sai ya aika aka kira ɗansa wanda ya gaji zabirar wanzancin, ya ce, "Zamna ka ji." Yaya ya gaya masa abu ɗaya: kafin ka yanka, tambayi uwar yaro, a danginta an taɓa yin namijin da jininsa ya ƙi tsayawa? In ta ce e, ka mayar da askarka, ka tura su asibiti. Da za mu tafi tsohon ya sa aka ɗauro mana ƙullin wake, ya rako mu har bakin hanya da sandarsa.

Yanzu idan na raka Mansur asibiti nakan leƙa ɓangaren ɗakin kati. Kantocin sun ragu, an kawo kwamfutoci. Ka faɗi lambar katinka, duk zuwan da ka taɓa yi ya fito a fuska ɗaya. Na san wannan zai faranta wa Yaya rai ƙwarai, shi da ya sha hawa tsani yana neman fayil ɗin mutum ɗaya da ya rabu gida uku. An ce mini an ma fito da sabon kundin lambobin, an sauya wa ciwon Mansur lamba. Ina jin da yana nan, da ya sayi sabon littafin rubutu ya zauna haddace su daga farko, yana gunaguni yana jin daɗi. Zai kuma yi murna da yadda gwajin jini kafin aure ya zama ruwan dare a garin nan. A zamaninsa sai ya yi ta lallashin iyaye, yau a kasuwa ma za ka ji mata suna zancen AA da AS ba tare da kunya ba.

Amma na san akwai abin da zai sa ya tsuke baki. Har yanzu ga mutane da yawa duk ciwon jini sikila ne, in gwaji ya ce ba ita ba ce sai a koma neman iska. Zai damu da yadda zaɓen lamba ya zama danna maɓalli kawai, ya tambaya ko har yanzu akwai mai tashi daga kujera ya je ya tambayi likita. Kuma ba zai so yadda wasu ke kiran mutum da ciwonsa ba, a ce "wance ai SS ce", kamar sunan yanka. Ya sha gaya mini lambar ta ciwo ce, ba ta mutum ba, shi ya sa, ban da na Mansur, ko a gida bai taɓa faɗin abin da ya gani a fayil ɗin kowa ba, ko da maƙwabci ne, ko da Inna ce ta tambaya. Maganin Mansur ma har yau wani lokaci a samu, wani lokaci a yi ta jira. Gwiwarsa ta hagu ta sandare, da ɗingishi yake zuwa makarantar da yake koyarwa. Sanin sunan ciwo bai warkar da shi ba. Amma yana raye, yana da shekara talatin, yana da mata.

Yaya bai daɗe da yin ritaya ba ciwo ya kwantar da shi, kwana shida, a asibitin da ya yi wa aiki. Inna da Malam Ummaru duk sun riga shi. Bayan sadakar bakwai wata mata ta zo mini gaisuwa, abokiyar aikinsa da suka yi shekaru a ɗaki ɗaya, ita ta gaje kujerarsa. Ta ce fayil ɗinsa hannunta ya faɗo. Ta karanta ta ga bayanin bai cika ba, ta rungume shi ta hau bene, ta jira likita har ya gama ganin mutane. Ta ce, "Ba ni iya yi ma Malam Sahabi aikin gaggawa." Sai na riƙe hannunta.

Watanni uku da suka wuce 'yata Hafsatu, ƙanwar Mansur, ta haifi ɗa namiji. Mijinta ɗan manoma ne daga wani ƙauye a gefen fadama, kuma tun kafin aure mun gaya musu abin da ke cikin jininmu, ba mu ɓoye ba. Ranar suna da sassafe wanzami ya iso da zabirarsa kamar yadda aka saba. Ina shirin tashi in yi magana, sai uwar mijin, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma taɓa ganin Yaya Sahabi ba, ta riga ni. Ta tsaya a bakin ɗaki ta ce, "Malam, ga goronka, ga tukuicinka, Allah shi yi albarka. Amma aska ba ta taɓa jikana sai takardar asibiti ta hito." Wanzamin bai yi musu ba. Ya ce ya taɓa jin irin wannan, ya yi addu'a ya tafi.

Takardar ta fito kafin a yi arba'in. Yaron yana da ciwon. Hafsatu ta yi kuka. Sai Mansur ya shigo da ɗingishinsa, ya zauna a bakin gado, ya karɓi jaririn ya daɗe yana kallonsa. Ya ce masa, "Sannu, abokina. Kada ka ji tsoro. Ni na san hanya, ni zan nuna ma."

Abin da yayana ya bari ke nan, in za a auna. Ba a sa sunansa a jikin ko wane gini ba, rajistocin da ya cika da kyakkyawan rubutunsa wataƙila suna can a ɗaure a wani ɗakin ajiya. Amma Nasiru ya shekara bakwai da ciwon nan ya tafi ba wanda ya san mene ne. Mansur sai da ya shekara biyar yana wahala kafin a gane. Wannan jaririn kuwa tun bai iya riƙe wuyansa ba an san abin da ke jikinsa, an san abin da za a kiyaye, kuma ba wanda aka nuna da yatsa, ba uwa ba, ba wanzami ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya haɗa ka da ƙanenka a inda babu ciwo. Ka riƙe hannunsa ba tare da fargaba ba.